Ƙuri'a Ɗaya a Hollerud

Vernon Skogen ya kwashe mushen barewa na arba'in da uku daga kan kwalta, ya jefa a bayan a-kori-kurarsa, ya toshe hanci, ya rantse wannan ne na ƙarshe.

Mutum ɗari da tamanin da bakwai ne a Hollerud. Rabinsu sun haura sittin, shanu kuwa sun ninka su sau tara. Coci ɗaya, gidan mai ɗaya, kujerar da kowa ke gudu ma ɗaya: mai kula da hanya. Shi ke kwashe mushe, shi ke ture dusar ƙanƙara, shi tsofaffi ke bugo wa waya in rami ya zubar musu da kofi a cinya.

Ba mai tsayawa takara. Layi ne kawai fanko a takardar zaɓe, kuma ɗan Hollerud ya gwammace ya take maka kare da mota da ya rubuta sunanka a wurin. Amma shekara huɗu da suka wuce wani ya rubuta. Da ƙuri'a ɗaya tak Vernon ya ci zaɓen da bai san yana ciki ba.

Abin ya zo masa daidai lokacin da rayuwa ta fara daɗi. Bai daɗe da yin ritaya daga kamfanin madara ba. Ya jera wa matarsa Arlys kwalaben kayan miyarta daga A zuwa Z. Ya koya mata dafa ƙwai, bayan shekara arba'in da aure. Ko wanki za ta yi, yana bayanta da shawara.

Ya san wanda ya cuce shi: maƙwabcinsa Lyle Brandvold, wanda suka taɓa musu kan tsawon wani kifi.

Ran Talatar zaɓe ya ce wa Arlys, "Yau Lyle zai sha warin barewa. Ki rubuta sunansa, ni ma in rubuta. Biyu ta kayar da ɗaya."

"Haba Vern, ni ce fa magatakardar gari. Ba ruwana da faɗanku na kifi."

Ta miƙa masa fulas ɗin kofi tana ɗan waƙe-waƙenta, kamar kowace safiya cikin shekara huɗun nan.

Da la'asar aka ƙirga a ɗakin taron coci, ana cin kek. Mutum sittin da biyu suka yi zaɓe, sittin suka bar layin fanko. Lyle ɗaya. Vernon ɗaya.

"Munafuki!" Vernon ya nuna Lyle da cokali.

"Ni? Ko zaɓen ban yi ba, tsohon banza, ina tafki tun safe. Ka shinshina rigata!"

Aka shinshina. Kifi ne. Vernon ya ce ai maƙaryaci ma yana iya goga kifi a riga.

Dokar gari ta ce in an yi kunnen doki, hula ke raba gardama. Arlys ta rubuta 'yan takardu biyu, ta ninke, ta zuba a hular fasto. Fasto ya rufe ido ya zura hannu. Lyle yana addu'a a fili, Vernon yana tasa a ɓoye.

"Vernon Skogen. Ƙarin shekara huɗu."

Aka tafa. Kafin tafin ya ƙare, wata tsohuwa ta ja shi gefe ta ce akwai wani abu a kwance kusa da gadar arewa, tun Lahadi yake kumbura. Vernon ya fita yana jan ƙafa, yana lissafin sauran maƙiyansa.

Arlys ta tsaya tattara kujeru. Ta mayar wa fasto hularsa, ta jefa ɗaya takardar a murhu kafin wani ya ga ita ma Vernon ne a jiki, da rubutun nan dai da ya cike layin fanko yau da safe, da kuma shekara huɗu da suka wuce.