Kwandon Rogata

A shekarar da umarnin Kaisar, sarkin Rum, ya iso garinmu a ƙasar Numidiya, duk Kiristocin garin sun ce a shirye suke su mutu. Abin da ba a daidaita a kansa ba shi ne wanda zai fara.

Umarnin ba shi da tsawo: kowa ya je dandali ya zuba turare a wuta gaban gunkin sarki. Wanda ya ƙi, akwai kurkuku, bayan kurkuku kuma akwai abin da ba a faɗa a gaban yara.

Ana cikin haka aka ga dogarai sun wuce da Barik a ɗaure. Barik mai korar alfadari ne a wurin matse man zaitun, bai daɗe da fara zuwa taro ba, kuma an fi saninsa da zama kusa da akushi. Duk da haka labari ya zaga gari: an kama ɗan'uwa na farko.

Aka taru a gidan dattijo Namfamo, aka yi doguwar addu'a har da hawaye. Da aka ce amin, dattijon ya tuna musu cewa kurkukun garinmu ba ya ciyar da kowa. Wanda ba a kai wa abinci ba, yunwa kan riga alƙali yanke masa hukunci. Kowa kuma ya san duk wanda ya kai wa Kirista abinci ya tona kansa. Nan take mutane da dama suka ga akwai buƙatar ƙarin addu'a.

Sai Rogata ta miƙe. Tsohuwar gwauruwa ce, maƙwabciyar Barik.

"Ni zan kai."

"Iya, kin san abin da ke can kuwa?" in ji Namfamo.

"Na fi ku sani. Wani ya ara min kwando."

Washegari ta isa kurkuku da gurasar sha'ir da man zaitun. Yari ya dube ta, ya dubi kwandon, ya sake dubanta.

"Ke? Ke da kanki?"

"Buɗe min, ɗan nan, rana na yi."

Barik na ganinta ya fashe da kuka. "Iya, don Allah..."

"Ci ka yi shiru."

Ta koma gida lafiya, ta dawo kashegari, ta sake komawa lafiya. Kunya ta fara yin aikin da wa'azi ya kasa. Maza suka soma zuwa ɗaya bayan ɗaya, da ɓaure da kaji da cuku. Rogata ta ba da haƙuri cewa kwanan nan babu madara a gidanta, sai wata ta ɗauki nauyin madara. Suka riƙa durƙusawa suna sumbatar sarƙar Barik kamar yadda ake yi wa masu shan wuya saboda Almasihu. Wasu tun daga ƙofa suke shaida wa yari cewa su Kiristoci ne, ba tare da ya tambaya ba.

"To, madalla," yakan ce. "Ku dai kada ku tare min hanya."

Duk lokacin da Barik ya buɗe baki zai yi magana, Rogata kan cusa masa gurasa. Aka yaba da tawali'unsa. Sai da aka sassauta masa sarƙar, don ƙiba ta sa ta fara matse shi.

Ana gobe shari'a aka ga Rogata ta shiga gidan alƙali ita kaɗai. Mata suka dafe ƙirji.

Ranar shari'a jama'ar duka suka fito, suna waƙa da muryoyin da ba su tsaya daidai ba. Alƙali ya riga ya ɗaga hannu zai ce wani abu a taƙaice, sai ya ji waƙar, ya ga taron, ya sauke hannun.

"Waɗannan naka ne? Kai ma nasu ne?" Ya nuna kaskon wuta. "Ga turare nan. Zuba ka tafi gida."

Barik ya dubi kaskon. Ya dubi mutanen da suka yi ta zuwa masa da tsoro a ciki da kwano a hannu. Ya dubi Rogata, wadda a karon farko ba ta da abin cusa masa a baki.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "na ci abincinsu. Ni Kirista ne."

"Mu ma!" in ji taron, har da waɗanda ba su yi niyya ba.

Alƙali ya duba da kyau. Ga mai sayar masa da mai, ga unguwarzomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yansa, kurkukun kuwa ɗaki ɗaya ne. Ya sa aka yi wa Barik bulala, ya ce kowa ya ɓace masa da gani.

A kafaɗa aka kai Barik gida, sai da aka nemi ƙarin majiya ƙarfi. Har yau ana ambatonsa a cikin jarumai, kuma ya cancanta, domin a ranar ce aka fara tambayarsa addininsa. Akuyar Rogata ya sace, ita ce ta kai shi ƙara, ita ce kuma ta je ta janye ƙarar ana gobe shari'a.