Tsuntsun da Ya Riga Auta Magana

Wata biyar ke nan da babur ya kayar da Auta, kuma har yau bai ce ko uffan ba. Shekarunsa ashirin da biyu. A keken guragu ya dawo daga asibiti, harshe a ɗaure, ƙafar dama ba ta jin umarni. Likitar da ke koya masa magana ta ce kada a bar ɗakinsa shiru. Sai mutanen gida suka ɗauki abin da zafi.

Baba, da yake mai gyaran famfo ne, ya haɗa bututun ƙarfe biyu a baranda don Auta ya riƙa dafawa yana koyon tafiya. Don tsabar sabo, har kan famfo sai da ya ɗaura wa ɗaya. Yaya, babbar 'yar gidan, ta liƙa hotuna a kwali. Kullum da safe takan ɗaga guda ta ce "ko-fi", baki a wangale kamar wadda za a cire wa haƙori. Kawu, ƙanin Inna, shi ya ɗauki nauyin duba kayan marmarin da masu dubiya ke kawowa, kuma da baki yake dubawa.

Kawun ne ya zo da aku a keji, wai ya taya Auta hira. Aka rataye kejin a ƙusa daidai saman kan gado. Wata guda tsuntsun bai yi komai ba sai ci da kashi. Baba ya ce yanzu marasa magana sun zama biyu, ɗaya ma ba dangi ba ne.

Wata safiya Yaya ta sunkuya ɗauko kwalin da ya faɗi ƙarƙashin gado, sai ta ji wata murya a shaƙe ta ce, "Ko… fi."

Ta ɗago ta dubi kejin, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ku zo ku ji akun Kawu," in ji ta. "Murya kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba."

Auta ya ja tawul ɗin da ake goge masa baki ya rufe fuska, ya juya ga bango. Aka ce kishi ne.

Daga ranar tsuntsu ya kama karatu. Kunya ce da shi, ba ya magana ana kallonsa, amma da an juya baya sai ya saki. Ya gaya wa Yaya hoton agogo a kife ta riƙe. Ya gaya wa Baba rigarsa a bai-bai take. Kawu ya yi ta yawo a unguwa yana cewa tsuntsun ya gado shi a kaifin ƙwaƙwalwa. In an fitar da Auta baranda kuwa, akun kan yi jugum har a dawo da shi. Aka ce shaƙuwa ce.

Tafiya dai ta soma samuwa, taku bakwai, sannan sha biyu, Baba na binsa a baya da hannu a buɗe kamar mai kamun kaza.

Inna ce kawai ba ta dariya. Likita ta ce in wata ya ƙare babu ko kalma ɗaya, sai dai a koma koya masa nuni da hannu. Saura kwana huɗu.

"Ana koyar da ɗana, tsuntsu na kwashe darasi," in ji Inna.

Ranar da Baba ya kai Auta gashin ƙafa, Inna ta shiga ɗakin ta ɗan jima, ta fito da kwandon wanki ta nufi waje. Da suka dawo suka tarar an lulluɓe kejin da zani. Inna ta ce horo ne, kada wanda ya taɓa.

Da la'asar duk suna ɗakin. Yaya na tattara kwalayenta, Baba na gyara tayar keken, Auta na kwance da tawul a haɓa. Kawu ya juya baya ya ɓare ayaba a hankali.

"Kawu," in ji muryar daga kan gado, a shaƙe. "Ta… uku ke nan."

Baba ya yi dariya har ya saki sifana. Kawu ya nuna zanin da ɓawon ayaba ya ce, "Ko a rufe ba ya barin mutum ya ci arziki."

Inna tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ajiye tiren. Ta lallaba ta zauna a keken guragun, hawaye na zuba, Yaya na tambayarta ko jiri ne. Ba kejin take kallo ba, Auta take kallo.

"Tun da hantsi na kai wa maƙwabta tsuntsun nan," ta ce. "Kejin banza na rufe."