Madambaci Ba Ya Haifar Tukunya

Wani maƙeri mai zuba tukwanen dalma ya taɓa cika baki a ƙofar rumfarsa, ranar kasuwa, cewa shi ƙarfe bai taɓa yi masa gardama ba. Abin da ya ce wa tukunya ta yi, shi za ta yi, ko da cewa ya yi ta tashi ta ɗebo ruwa. Sa wannan magana a aljihu, taubashi, za mu dawo kanta. Tun da ka shiga koyon rubuta manhaja a shagon kwamfutar nan na bayan tasha, da furfurarka da komai, kake damuna wai malami ya ce kilas, kai kuma ka waiwaya kana neman benci da allo. Ba ajin makaranta ba ne. Na riga ka zama a kujerar nan, kuma ban gane abin ba sai da na tuna da maƙerin.

Yana da wasu sassaƙe biyu na katako da yake kira iyaye, uwar tukunya da uwar madambaci. Daga waje kamarsu ɗaya, sai dai gindin uwar madambaci duk huji ne, don tururi ya riƙa hawa yana turara dambu. Yakan danna uwa cikin yashi mai damshi, ya zare ta, ya kwarara narkakkiyar dalma a gurbin, in ta huce sai ga 'ya ta fito. To uwar nan ita ce kilas. Ba a ɗora ta a murhu, katako ce, wuta lashe ta za ta yi; aikinta kawai ta tsara yadda 'ya'yanta za su kasance. 'Ya'yan da suka fito su ne objek, kowace da inda rabo ya kai ta. Wata tana ɗakin amarya an rubuta mata suna da jan fenti, wata tana wajen mai koko ta yi baƙi ƙirin, in ka lotsa ɗaya sauran ko a jikinsu. Aikin da 'ya ta iya kuwa shi ake kira metod, kuma tun daga jikin uwa ta taho da shi. 'Yar tukunya ta riƙe ruwa ya tafasa, ɗan madambaci ya saki tururi.

Ana nan da damina gara ta shiga rumfa ta cinye uwar tukunya, ta bar masa ɓawo. Maimakon ya je wajen masassaƙi a yi masa wata, sai ya ga ai zubar da girma ne a ji maƙeri kamarsa ya rasa uwa. Ba a jima ba wata mai girkin biki ta zo neman manyan tukwane. An ba ta abincin wata walima, kuma a sana'arta in shinkafa ta makara sau ɗaya, ba a sake kiranki. Maƙeri ya ce ta sha kuruminta. Ya ɗauko uwar madambaci ya zuba 'ya'ya reras, ya bi hujin kowanne ya toshe da danƙo, ya shafe da fentin azurfa har suna ɗaukar ido. Irin aikin da za ka yi ke nan, taubashi, ranar da ka kira objek ka ce ya yi maka metod ɗin da babu a kilas ɗinsa. Gara ma kai, kwamfuta ce za ta watsa maka jan rubutu cewa ka yi kuskure, daga kai sai ita, ka koma kilas ka gyara.

Ana gobe walima matar ta dawo da mataimakanta da mai baro. Ta ƙwanƙwasa ɗaya da zobenta, ta kasa kunne, ta ce, "Maƙeri, ni ba na ɗaukar tukunya sai ta gaisa da wuta." Ta roƙi murhun mai ƙosai da ke gefen rumfar. Mutane suka fara taruwa, domin duk layin babu wanda bai ji cika bakin nan ba. Maƙeri da kansa ya ɗora, da kansa ya cika ta da ruwa. Ruwa ya zauna daram. Ya juya wa jama'a yana gyara hula, yana cewa su buɗe ido su ga aikin gado. Bai rufe baki ba aka ji tsuu a cikin garwashi. Danƙo ya ji wuta ya saki, ruwa ya ɓalle ta kowane huji kamar an buɗe rariya. Wutar mai ƙosai ta mutu murus, toka ta tashi ta bule masa fuska har gira. Ya duƙa kan tukunyar yana cewa, "Riƙe! Riƙe mana!"

"Ai ta ji maganarka," in ji mai baro. "Cewa ka yi ta ɗebo ruwa, ga shi ta kawo."

Mai girki ba ta yi dariya ba. Ta zare tsinken ƙosai ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta kife kowace ta tsokana gindinta, danƙo yana faɗowa daga wuri ɗaya a jikin kowace. Ta ɗaga ta ƙarshe sama, rana ta ratso ta hujojin ta zuba wa maƙeri ɗigo-ɗigon haske a goshi. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. In an ba ni dambun suna zan aiko." Ta kaɗa mai baronta suka nufi rumfar gaba, aka bar shi tsaye cikin 'ya'yansa, mai ƙosai tana riƙe da gefen rigarsa sai ya hura mata wuta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.