Shuɗin Magani a Tankin Murjani

Tunda ka ce shekara ashirin ka yi kana wannan aiki a can, kuma ba ka ga abin da za a koya maka a nan ba, to bari in ba ka misali ɗaya, malam. In bai yi maka amfani ba, ka bar shi nan inda ka same shi.

Wani mutum ne ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin jirgin ruwa. Da ya yi ritaya ya dawo gida, teku ba ta fita daga ransa ba, sai ya kafa tankin gilashi a falonsa, ya haɗa ruwan gishiri daidai awon na teku, ya zuba ƙananan kifaye masu launi. A ƙasan tankin ya dasa murjani. Shi murjani in ka gan shi sai ka ce dutse ne mai rassa, alhali halitta ce mai rai, tana ci tana girma, sai dai da ƙyar take ƙara tsawon gaɓar yatsa a shekara. Shekara tara yana renonsa. Da tafiyar Hajji ta zo, ya damƙa makullin gidan a hannun maƙwabcinsa, wani mai kiwon tarwada da ya san kifi kamar yunwar cikinsa. Ya ce masa, "Abinci sau biyu a rana, maƙwabci. In ka ga wani abu, buga mini waya kafin ka taɓa."

A mako na biyu wani ɗan rawayan kifi ya fito da farin abu a gindin wutsiya, kamar an manna masa auduga. Da kallo ɗaya mai tarwada ya gane fumfuna ce, kuma bai yi kuskure ba. Ya ga babu dalilin tayar da hankalin mai ibada a kan ciwon da ya warkar ba adadi. A irin wannan tanki, tsamo marar lafiyan ake yi, a sa shi a wani mazubi shi kaɗai, a yi masa magani a can. Amma mai tarwada ba ya ware kifi. Wa zai tsaya neman ɗaya cikin dubu biyu? A kududdufi ruwan ake yi wa magani. Ya je gida ya ɗauko shuɗin maganin da ya saba, ya auna daidai yawan ruwan, ya tuttula. Cikin kwana biyar audugar ta faɗi, kifin ya warke sarai. Murjani kuwa tun rana ta biyu ya daina buɗe ƙananan bakunan da yake ci da su, namansa ya riƙa saɓulewa har rassan suka koma fari fat kamar ƙashi. Mai tarwada har daɗi ya ji, ya ɗauka maganin ne ya wanke duwatsun. Ranar da alhaji ya dawo, mai tarwada da kansa ya ja hannunsa zuwa gaban tankin, yana nuna masa wutsiyar kifin. Alhaji bai dubi kifin ba. Ya ƙura wa mataccen murjanin ido, sannan ya ce, "Sannu da ƙoƙari, maƙwabci," ya nemi kujera ya zauna.

Mai tarwadan nan ba mugu ba ne, kuma ya san aikinsa. Ruwan ne ba nasa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira an rasa ido.