Muryar da Ke Bin Abdulwahid

A kasuwar Kore Mairuwa ana cewa aljana doguwa ta taɓa Abdulwahid mai yadi. Shi da ke zagin 'yan bori, ga shi yana sakin almakashi ana tsaka da ciniki, yana waige-waige.

Bai gaya wa kowa ba: muryar mahaifiyarsa yake ji, tana waƙa, alhali da hannunsa ya sa ta a kabari. Ya yi ta addu'a, muryar ba ta bar shi ba. Ya fara tsoron hankalinsa ne ke tafiya.

Ranar kasuwa ya daure ya bi muryar, har rumfar Célestin mai tura waƙoƙi a waya. Kiɗan na'ura na dukan ƙirji, samari sun yi cincirindo.

"Ustaz, kai ma ka zo rawa?" in ji Célestin yana dariya. "Wanga ba ka jin shi a rediyo! Wasu yaran Turai ke haɗa shi, sai mai kunne ya san su. Muryar wata mata suka ɗauko daga tsohon kaset na waƙoƙin bori na garin Lugu. Ba wanda ya san sunanta."

Abdulwahid ya sani. Shi ya ƙone kaset-kaset ɗinta, ya hana ta waƙa har ta rasu.

"In kashe, Ustaz?"

"Ƙara sauti."

Ya durƙusa gaban lasifikar, kasuwa na kallo.

"Inna, ni ne. Ki yafe mini."