Safiyar da Mofizul Ya Tsallake

Mofizul Gazi ya tsoma koma a tafkinsa, ya ɗago ta da jatan lande goma sha ɗaya. Huɗu ne kawai ke motsi.

Tun bara dillalan birnin Khulna suka daina karɓar jatan da aka ba kafson kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa da Dokta Shirin ta zo daga jami'a da ruwan maganin gwaji, wai wasu ƙananan halittu ne a ciki masu cinye ƙwayar cutar da ke kashe jatan, Mofizul ne ya fara dangwala yatsa a doguwar takardar da bai iya karantawa ba. Manoma ashirin, kowa da jarkokinsa masu lamba. Kofi ɗaya kowace safiya, kuma ba a haɗawa da wani magani.

Sau ɗaya tak ya yi fashi, ranar da 'yarsa Shiuli ta haihu, ya wuni a asibiti. Bayan kwana tara jatan suka fara taruwa a gefe, hanjinsu fari fat.

"Baban Shiuli, ka zuba kafson nan," in ji matarsa Jahanara. "Ko a kasuwar ƙauye ma sayar."

"Na yi wa yarinyar jami'ar nan alkawari."

"Alkawarin za mu dafa?"

Tafkin maƙwabcinsa Habibur, wanda shi ma yana cikin gwajin, lafiya lau. "Kai naka maganin shanyewa kake yi ne?" Habibur ya tsokane shi daga kan ganuwa.

Mofizul ya ninka kofin. Ya sauya ruwa, ya rage abinci. Cikin mako uku tafkin ya koma wari da balbelu masu tsintar matattun jatan.

Da Dokta Shirin ta zo ɗaukar awo, ya tare ta, idonsa a ƙasa.

"Laifina ne, 'yata. Safiya ɗaya na tsallake. Kada ki rubuta cewa maganinki bai yi ba."

"Kawu, rana ɗaya ba za ta..." Ita ma ba ta da tabbas.

Ranar rufe gwajin aka miƙa mata ambulan ɗin da ko ita an hana ta buɗewa sai yanzu. Ta bi jerin sunaye da yatsa, ta tsaya a kan nasa. Mofizul na cikin manoma goman da aka cika wa jarkoki da ruwan gishiri zalla, babu ko ɗigon magani, don a sami abin kwatantawa.