Igiyar Shanyar Inna

Kafin ka kira magina, zauna ka ji abin da ya sami wani mutum.

Ma'aikaci ne, ya gaji gidan ubansa a cikin gari, yana zaune da mahaifiyarsa, Inna, wadda idanunta suka rufe shekara goma sha ɗaya. Amma baƙo sai ya wuni a gidan bai gane ba ta gani ba. In ta fito daga ɗaki, hannunta na dama zai sauka a kan randa. Daga randa ta kama igiyar shanya, igiya ta kai ta gindin darbejiya, daga nan taku shida sai turmi, turmi ya miƙa ta madafa. Akwai wata tsaga a simintin tsakar gida, da ta taka ta ta san banɗaki na hagunta. A bangon ɗakinta kuwa akwai ƙusar da marigayi mijinta yake rataya carbi, ita ce alƙiblarta. Ba ta taɓa neman ɗan jagora ba, kuma har lokacin ita ke tuƙa tuwon gidan.

Shi kuwa ɗan, kunyar gidan yake ji. Rannan ya ga gidajen Japan a waya: ɗaki fayau ba komai, ƙofar katako mai zamewa gefe, tebur kamar an datse shi a gwiwa. Zaman ƙasan da ya raina a gidan ubansa, da ya gan shi a hoto sai ya zama wayewa. Ya ɗauko mai tsara gidaje, wani siriri da tabarau a goshi, ya zagaya gidan yana taɓe baki yana nuni da biro. "Ranka ya daɗe, gida ma fa numfashi yake yi. Randar nan, tarkace. Igiyar nan, haba, tarkace. Itacen nan ganye kawai yake zubarwa, yana kashe natsuwa. Ai ko don Hajiya a kwashe su, kada ta yi tuntuɓe." Wannan ta ƙarshen ita ta shige shi. Ya kai Inna gidan ƙanwarta wata huɗu, ya ce in ta dawo za ta sha mamaki. Aka sare darbejiya, aka fasa siminti, aka shafe bango sumul. A tsakar gida aka zuba farar tsakuwa, aka taje ta da manjagara layi-layi, aka girke duwatsu uku a tsakiya. Maƙwabta suka yi ta leƙowa suna jiran ranar da za a ɗora tukunya.

Ran da ta dawo, ya riƙo hannunta har bakin sabon ɗakinta, ya saki, yana washe baki. Ta miƙa hannun dama, ba randa. Ta ɗaga shi inda igiya take, sai iska. Ta ja tafin ƙafa tana neman tsaga, daɓen bakin ɗakin santsi kamar bayan faranti. Ta bi bango da lalube har ta zagaye ɗakin ta dawo inda ta fara ba ta sani ba, don a hannu ƙofa da bango duk ɗaya suke, kuma sabuwar ƙofa ba ta ƙara irin ta tsohon ƙyaure. Da la'asar ya tarar da ita tana salla ta juya wa gabas baya. Ya jira ta sallame, ya faɗa mata a hankali. Ta tashi ta sake.

Daga ranar, matar da ke ciyar da gida sai an kama ta zuwa banɗaki. Ta rage shan ruwa don kada ta yawaita kira. Ta zaɓi kusurwa guda ta zauna, har ƙafafunta suka kumbura. Hankalinsa ya tashi. Ya sayo randa, ya kafa ƙarfe inda darbejiya take ya ɗaura igiya, ya buga ƙusa a bangon da ya hana kowa taɓawa. Inna ta shafa randar ta ce wannan bakinta ba a guntule yake ba irin na tsohuwar. Ta daure ta bi igiyar, ta ƙirga taku shida, sai ga ta tsamo-tsamo cikin tsakuwa, ba turmi. Ganin da ta yi shekara arba'in a gidan tana tarawa a tafin hannu da na ƙafa ne aka loda a tifa, kuma ba a sayo shi a kasuwa.

Wata safiya abokan aikinsa suka zo kallon gida, suna ta "Masha Allah, kamar ba a ƙasar nan ba!" Da ya zo wucewa ta kusurwarta, ta kamo bakin rigarsa, ta yi ƙasa da murya don kada baƙi su ji. "Mai sunan Malam, a yi wa masu gidan nan godiya, sun yi ɗawainiya da mu. Amma zaman ya isa haka. Yaushe za ka mai da ni gida?"

Ya dubi farin bango, ya dubi duwatsu uku. Babu inda zai kai ta.

Ai Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, a rasa ido.